Wai meye ainihin aikin ƙaramin ministan lafiya ne?

Sadauki92:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masana harkar gwamnati a taimaka min da bayani. Ƙungiyarmu ta cigaban gari muna so mu kai koke Abuja akan asibitin tarayya da ke yankinmu, maganar injin wankin ƙoda ce, mutanenmu sai sun yi tafiyar awanni zuwa Kano ko Zariya kafin a yi musu wanki, wani ma sau biyu a sati, ga kuɗin mota ga kuɗin wankin ga na masauki, wallahi akwai waɗanda suka sayar da gona akan wannan abun.

To a wajen mitin sai gardama ta kaure. Wasu sun ce a rubuta wa Farfesa Pate kai tsaye tunda shi ne babban ministan lafiya, wasu suka ce ɓata takarda ne kawai ba ganinsa za mu yi ba, gara mu bi ta ƙaramin minista Dakta Salako tunda ance ofishin ƙaramin minista ya fi sauƙin shiga. Wani dattijo a cikinmu kuma ya ce ƙaramin minista ko biro ba zai iya saya wa asibiti ba sai an ba shi izini, aka yi ta dariya amma ni abun ya tsaya min a rai.

Shin yana da ikon kansa ko kuwa sai abinda babban ya ce? Zai iya sa hannu a saki kuɗi? In babban ya yi tafiya shi ke riƙe ma'aikatar? Kuma ma meye amfanin minista biyu a ma'aikata ɗaya? Ni ne sakataren ƙungiya, ni aka ɗora wa rubuta takardar.

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Dattijon nan naku ya ɗan zafafa amma bai kauce hanya sosai ba. Ni ba a ma'aikatar lafiya na yi aiki ba, a wasu ma'aikatun tarayya na yi har Allah Ya kai ni ritaya, amma tsarin ɗaya ne ko'ina.

Lokacin da shugaban ƙasa yake aika sunaye majalisar dattawa babu wanda ake rubuta wa babba ko ƙarami, kowa minista ne, tantancewa iri ɗaya rantsuwa iri ɗaya, sai daga baya ne ake raba ma'aikatu a ce wane kai ne gaba wane kai ne baya. Duk su biyun suna zama a majalisar zartarwa, kowa da ofishinsa da motocinsa da masu taimaka masa, albashin asali ma kusan ɗaya ne, wajen naira miliyan biyu a shekara, tazarar ba ta kai dubu ɗari ba. Bambancin yana cikin fayil ne. Ikon da dokoki suka ba ministan lafiya akan hukumomi irin su NAFDAC da hukumar inshorar lafiya, a aikace hannun babban yake zuwa, shi ƙaramin sai abinda aka yanka masa. Akwai jadawalin aiki da ake raba musu, a ce sassa kaza da hukumomi kaza suna ƙarƙashin kulawarka, amma ko a nan ɗin sau tari shawara zai rubuta ya miƙa, amincewar ƙarshe tana can sama. In babban baya nan shi yake wakiltarsa a taro da zaman majalisa, wannan haka ne, sai dai mai hankali ba zai taɓa babban lamari ba har sai maigidan ya dawo ko ya yi masa waya.

Sannan akwai mutum na uku da ku ko ambatonsa ba ku yi ba a mitin ɗinku, babban sakatare. Shi ma'aikacin gwamnati ne ba ɗan siyasa ba, shi ne zai amsa tambayar odita da ta kwamitin majalisa akan kowane kwabo, shi ke shugabantar kwamitin bada kwangila na ma'aikata bisa dokar kwangiloli ta 2007, in kuɗin kwangila ya haura wani mataki sai an je BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, sun duba sun amince, in ya ƙara girma sai an kai majalisar zartarwa. Don haka maganar minista ya zaro biro ya sa hannu kuɗi su fito, ko babban ma ba haka abun yake ba balle ƙarami.

Na taɓa zama a wata ma'aikata da ofisoshin ministocin biyu suke hawa ɗaya. Ɗakin jiran babban ba masaka tsinke, 'yan kwangila da manyan riguna tun tara na safe, wasu a tsaye a baranda suna ta danna waya, ka ɗan taka zuwa ɗakin jiran ƙaramin kujeru fayau, talabijin na ta yi shi kaɗai, masinja ya ɗora ƙafa kan kwalin tsofaffin fayil yana gyangyaɗi. Mutumin kirki ne kuwa mai ilimi, amma fayil baya biyowa ta wajensa, darakta ya yi minit zuwa babban sakatare shi kuma ya wuce da shi sama, sai dai mutumin ya ga labarin ma'aikatarsa a jarida da safe. A wata ma'aikatar kuma na ga akasin haka, babban ya sakar wa ƙaramin sassa sukutum, in ka je wa babban da maganar sashen zai ce maka je ka ga ɗan'uwana. Shi ya sa wannan sauƙin shiga ofis da kuke murna da shi ku yi hattara, wani lokacin sauƙin alama ce ta babu komai a ciki.

Shawarata, ku fara da shugaban asibitin naku, CMD ko MD, don asibitocin tarayya kowanne da nasa layin a kasafin kuɗi, shi ke tsara buƙatunsa ya je ya kare su a gaban kwamitocin majalisa. In shi bai saka injin a buƙatunsa ba, ko wa kuka rubuta wa wajensa za a dawo da takardar a tambayi ra'ayinsa. Ku rubuta wa babban minista, ku ba ƙaramin kofi, ku ba babban sakatare kofi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kofinku a rajistara kafin ku bar wurin. Sai ku tasa sanatanku da ɗan majalisar wakilanku a gaba, don su ke iya cusa abu a kasafi.

Maman Khalifa:

Baba Allah Ya ƙara girma, ka gama magana. Ni nas ce, bari in ƙara da abinda muke gani daga cikin wod.

Malam Sadauki na ga ka ce asibitin tarayya ne to madalla, don mutane da yawa suna zagin Abuja akan asibitin da ba nata ba. A Kano misali asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala na tarayya ne, amma asibitin Murtala na jiha ne, ministan lafiya babba ko ƙarami bashi da hurumin ɗaukar nas ɗaya a can, wannan aikin gwamna ne da kwamishinansa. Ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye kuma suna hannun ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, abinda ke zuwa musu daga tarayya shi ne ta asusun nan da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, shi ma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi.

Mu dai inda muka fi ganin ƙaramin minista wuri biyu ne, wajen yanke zare in an gina sabon ɓangare, da kuma lokacin yajin aiki. Da likitoci masu neman ƙwarewa ko JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, sun bada wa'adi shi za ka gani a talabijin yana roƙo a yi haƙuri, a zauna da shi da mutanen ma'aikatar ƙwadago har tsakar dare a sa hannu a takarda, daga nan kuma sai a ce ai kuɗin yana wajen ma'aikatar kuɗi da hukumar albashi. Alawus ɗin haɗari naira 5,000 muka yi ta karɓa shekara da shekaru, ga tarin fuka ga Lassa ga korona, sai ƙarshen 2021 aka duba shi, ministoci nawa manya da ƙanana suka wuce a tsakani.

Abun da zai baka takaici a lamarinku, Dakta Tunji Alausa da ya riƙe kujerar ƙaramin ministan daga Agustan 2023 likitan ƙoda ne ma, amma a garambawul ɗin Oktoban 2024 aka ɗaga shi ya koma ministan ilimi aka kawo Dakta Salako daga muhalli. Kaga wata matsalar kujerar kenan, mutum yana fara gane kan sassan da aka bashi sai a ɗauke shi.

Kuma don Allah kar ku rubuta inji kawai a takardarku. Wankin ƙoda ba injin ne kaɗai ba, sai da na'urar tace ruwa don ruwan rijiyar burtsatse baya shiga haka nan, sai wuta da bata ɗaukewa tsawon awa huɗu da mutum zai yi a kwance jininsa na zagayawa a waje, sai matata da tiyo da ake amfani da su a yar, waɗanda daga waje ake shigo da su da dala, sai nas ɗin da aka horar musamman da injiniyan da zai gyara. Na san wani asibiti da aka kawo injina aka yi biki da hotuna, suka zauna cikin leda a sito ƙura ta rufe su saboda ba a yi ɗakin ruwan ba, mu kuma muna rubuta wa mutane takardar tura su wani gari. Sannan a 2025 gwamnati ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocin tarayya, to ku roƙa a saka naku a cikin tsarin in an kawo injin, in ba haka ba ga inji a gari amma talaka bai iya hawa.

Barista_MK:

Baba ranka ya daɗe, ni a ganina ka yi wa kujerar nan sassauci da yawa. Kundin tsarin mulkin 1999 bai san wani abu wai shi ƙaramin minista ba. Sashe na 147 ya ce za a yi ministocin gwamnatin tarayya, majalisar dattawa ta tabbatar da su, kuma dole kowace jiha a ɗauko aƙalla mutum ɗaya ɗan asalinta. Sashe na 148 ya ce shugaban ƙasa zai iya danƙa wa kowane minista duk aikin da ya ga dama. Shikenan. To jihohi 36 ne ma'aikatu kuma basu kai yawan mutanen da ake so a sallama ba, Tinubu ma mutum 45 ya rantsar a Agustan 2023, dole a cusa biyu a wuri ɗaya, asalin kujerar kenan, rabon siyasa ne ba wai an zauna an ga aikin lafiya ya yi wa mutum ɗaya yawa ba.

Ba ni na fara faɗa ba. Festus Keyamo, babban lauya ne kuma shi kansa ƙaramin ministan ƙwadago ne lokacin, a zaman bankwana na majalisar zartarwar Buhari a watan Mayun 2023 ya faɗa a gaban shugaban ƙasa cewa muƙamin ya saɓa wa tsarin mulki, ya ce ƙaramin minista ko takarda ba ya iya gabatarwa a majalisar sai da izinin babban, kuma da yawansu zuwa ofis kawai suke ba wani aiki. Ka duba fa, jiha guda an ce tana da wakili a majalisar zartarwa amma wakilin sai ɗan wata jihar ya bashi izini zai yi magana akan ma'aikatarsa. Bayan wata uku Tinubu ya sake naɗa ƙananan ministoci, shi kuma Keyamo ya zama cikakken ministan jiragen sama, bamu ƙara jin maganar ba, hhh.

Kai ko a man fetur da shugaban ƙasa ke riƙe kujerar da kansa, wanda ake ganin ƙaramin ministan shi ne wuƙa shi ne nama, ai mun ga wasiƙar da ƙaramin ministan man lokacin Ibe Kachikwu ya rubuta wa Buhari a 2017 yana kukan shugaban NNPC Maikanti Baru baya tuntuɓarsa kuma shi ya kasa samun ganin shugaban ƙasa.

Amurka da muka kwafo tsarin shugaban ƙasa daga wajensu ba haka suke yi ba. Can ma'aikatar lafiya sakatare ɗaya ne, da mataimakinsa wanda shi ma majalisar dattawa ke tabbatarwa, an san shi mataimaki ne tun daga ranar da aka kai sunansa, galibi shi ke bin harkar gudanarwar yau da kullum, in kujerar sama ta zama babu kowa shi ke riƙo. Da Tom Price ya ajiye aiki a Satumban 2017 kan badaƙalar hawa jiragen shata da kuɗin gwamnati, mataimaki Eric Hargan ne ya riƙe daga Oktoba har aka rantsar da Alex Azar a Janairun 2018. Mu kuma mun ɗauko suna daga Ingila mun ɗora akan tsarin Amurka, ga shi nan ba a san na waye ba.

Likitan Ƙauye:

Barista a fannin doka ban isa in ja da kai ba, amma cewa kujerar bata da amfani kwata kwata ban yarda ba, don na ga lokacin da ta yi aiki da idona. Shi kansa Pate ɗin da ake magana ai ƙaramin ministan lafiya ya fara yi, daga Yulin 2011 zuwa Yulin 2013 zamanin Jonathan, Farfesa Onyebuchi Chukwu ne babba. Kafin nan ya riƙe hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa daga 2008, don haka ya shigo da sanin kan aikin, kuma Jonathan ya ɗora shi shugabancin kwamitin shugaban ƙasa na kawar da shan inna, wato an bashi abu ɗaya takamaimai kuma ƙofar fada a buɗe take masa.

Mu da muka yi aikin rigakafi a ƙananan hukumomi lokacin mun ji canjin a jikinmu. A da zagaye ake yi a cike fom a ƙarƙashin bishiya a kawo, daga baya abun ya koma kullum da yamma sai an zauna mitin ɗin bita, kowace tawaga ta faɗi gida nawa ta shiga yara nawa aka ɗiga wa nawa aka hana, washegari masu bin diddigi su bi unguwa suna duba alli a jikin bango da tawada a ɗan yatsan yara, in an samu gidan da suka ƙi sai a koma da mai unguwa ko dagaci, shugaban ƙaramar hukuma da bai fito ba sunansa ya kai teburin gwamna. An buɗe cibiyar gaggawa a Abuja a ƙarshen 2012 aka yi irinta a Kano da wasu jihohin. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Najeriya, 2013 suka koma 53, 2014 kuma 6. Ban ce aikin mutum ɗaya bane, sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi sun yi rawar gani, ga matan da suka bi gida gida har wasu aka kashe su a Kano a Fabrairun 2013 Allah Ya jiƙansu, shi ma Pate ya tafi jami'ar Duke tun tsakiyar 2013. Amma tsarin da aka haɗa lokacin shi ne aka ɗauko mutanensa irin su Dakta Faisal Shuaib suka je Legas da Ebola ta shigo a Yulin 2014.

Sannan ka lura da wani abu, Dakta Khaliru Alhassan na Sakkwato ƙaramin minista ne, da Chukwu ya sauka a Oktoban 2014 don neman gwamnan Ebonyi shi ya riƙe ma'aikatar har ya zama cikakken minista. Osagie Ehanire ya yi ƙarami a ƙarƙashin Isaac Adewole daga 2015, a 2019 ya hau. Ga Pate a 2023. Mutum uku kenan a ma'aikata ɗaya, ko ba komai wurin koyon aiki ne. Na'ibin liman ne, in liman na nan sahu yake bi, amma ranar da babu liman ba a fasa sallah.

Inda Barista yake da gaskiya shi ne ranar da ra'ayi ya bambanta. A Afirka ta Kudu zamanin Thabo Mbeki ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang tana ta tallar tafarnuwa da lemon tsami ga masu cutar ƙanjamau, mataimakiyarta Nozizwe Madlala-Routledge kuma tana cewa a ba mutane magani, lokacin da ministar ta kwanta jinya mataimakiyar ta taimaka aka fito da sabon tsarin yaƙi da cutar, ta kuma fito fili ta yi magana akan mace-macen jarirai a asibitin Frere. A Agustan 2007 Mbeki ya kore ta, dalilin da aka bayar wai ta je taro Sifen ba da izini ba. Ita ke da gaskiya a likitance amma ita ta tafi.

Ɗan Zongo Kumasi:

Salam 'yan uwa, daga Kumasi nake bin ku. Mu nan Gana abun a rubuce yake, sashe na 79 na kundin 1992 shi ya yi maganar mataimakan ministoci, shugaban ƙasa zai naɗa bayan ya yi shawara da ministan, majalisa ta amince, aikinsa kuma taimakon ministan. Mataimakin baya cikin majalisar ministoci ta ƙoli, ita wannan ma kundin ya ce kar ta wuce minista 19. To babu wanda zai ce an rage masa matsayi don tun farko ya san abinda aka kira shi. Amma kar ku ɗauka hakan ya hana gunaguni, kullum ana faɗan mataimakan sun yi yawa suna cin kuɗi. Mu ma mun ga wanda ya hau, Dakta Bernard Okoe-Boye an naɗa shi mataimakin ministan lafiya a 2020 lokacin korona, ya je ya riƙe hukumar inshorar lafiya, a 2024 ya zama minista.

Sadauki92:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Baba, Anti Maman Khalifa maganar ɗakin ruwa wallahi babu wanda ya kawo ta a cikinmu. Baba tambaya ɗaya ta rage, su shugabannin asibitoci da hukumomin nan maganar wa suke ji, in ƙaramin minista ya ba su umarni dole ne su bi?

Baba Mai Ritaya:

Ɗana a takarda suna ƙarƙashin ma'aikata, kuma in hukumar tana cikin jadawalin ƙaramin minista za su girmama shi su amsa kiransa. Amma shugaban ƙasa ne ke amincewa da naɗinsu, da wa'adinsu a rubuce, ga hukumar gudanarwa a kansu, wasu kuma suna da mutanensu a fada. Ka tuna rigimar hukumar inshorar lafiya? Adewole, babban minista fa ba ƙarami ba, ya dakatar da shugabanta Farfesa Usman Yusuf a Yulin 2017, a Fabrairun 2018 fadar shugaban ƙasa ta mayar da shi kujerarsa. To in babban ya gamu da haka kai ka auna na ƙaramin. Lokacin korona ma kwamitin da aka kafa a Maris 2020 sakataren gwamnati Boss Mustapha ne ya shugabance shi, Ehanire da ƙaraminsa Sanata Mamora duk a ƙarƙashinsa suke zuwa bayani.

Abun mamakin shi ne ranar wahala ba a ware ƙarami. A Maris 2008 zamanin marigayi 'Yar'aduwa da maganar naira miliyan 300 na ragowar kasafin ma'aikatar lafiya ta tashi, Farfesa Adenike Grange da ƙaramin ministanta Gabriel Aduku tare suka ajiye aiki tare aka kai su kotu, duk da daga baya kotu ta sallame su.

Barista_MK:

Baba ƙarin bayani, shi Aduku ɗin ma ba likita bane, masanin zanen gine-gine ne. Babu inda doka ta ce sai likita zai riƙe lafiya babba ko ƙarami, Farfesa Eyitayo Lambo masanin tattalin arzikin lafiya ne kuma ya yi minista daga 2003 zuwa 2007 zamanin Obasanjo. Ni da za a bi tawa, in babban likita ne to ƙaramin a ɗauko nas ko mai harhaɗa magunguna.

Maman Khalifa:

Barista rufa mana asiri kar ka tono wannan a nan, faɗan da JOHESU da ƙungiyar likitoci suka shekara da shekaru suna yi kenan, yanzu Likitan Ƙauye zai dawo da zafinsa. Ka buɗe mata nata zauren daban, ni zan fara zuwa in na sauka daga aikin dare.